Ranar da Malam Rahusa Ya Durƙusa Mini

Ku matso, 'ya'yana, ku janye itacen nan kada miyar ta ƙone, ku ara mini kunnuwanku. Abin da zan faɗa muku ba tatsuniya ba ne, ko da yake in na kai ƙarshe za ku rantse ita ce. A kicin ɗin nan da kuke tsaye aka fara shi, a nan kuma aka gama shi.

Ban taɓa mantawa da ranar da Malam Haruna, babban jami'in mulki na ma'aikatarmu, ya durƙusa a gabana gwiwa biyu a ƙasa, da ƙwarya a kansa, jini yana ɗiga a kan shaddarsa ba. Amma bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Ni ce Saratu, wadda kowa a Samaru yake kira Mama Kuku. Ban yi boko ba, da babban yatsa nake sa hannu in karɓi albashi. Na yi girki a gidan baƙin ma'aikatar nan tun gashina yana baƙi. Ma'aikata a nan kashi uku ne, kamar duwatsun murhu, sai dai ba tsayinsu ɗaya ba. Akwai manya, masu lebul mai tsawo, wato babban matakin albashi, da mota da kujera mai juyi. Akwai ƙanana, masu takarda amma ba mota. Sai mu 'yan wucin gadi, waɗanda su suke kira kashuwal. Ɗan wucin gadi ba shi da fansho, ba shi da katin asibiti, kuma kowace safiya ana iya ce masa kada ya zo gobe. Abin da ke fitar da mutum daga wannan rami shi ne takardar dindindin, ita kuwa a lokacin daga teburin Malam Haruna take fitowa. Duk shekara in na je na gaishe shi sai ya ce, "Mama Kuku, fayil ɗinki yana tafiya." Ban san inda fayil ɗin nan ya nufa ba. Da mutum ne, da ya kai Legas a ƙasa ya dawo ya huta.

A bayan idonsa Malam Rahusa muke ce masa. Ganyen shayi ɗaya sai ya sa na jiƙa shi sau uku. Sabulun wanke-wanke da reza yake yanka mana. In aka ce masa abu yana da kyau ba ya ji, sai an ce yana da araha kunnensa yake buɗewa.

To, sai shekarar ritayar Darakta ta zo. Darakta shi ne shugaban wurin gaba ɗaya, dattijo mai son labari. Wata rana yana cin tuwona ya yi ajiyar zuciya ya ce rabonsa da naman daji tun yana yaro a ƙauyensu, lokacin da kakansa yake dawowa da gwanki. Shi maganarsa kawai ya yi, ya sha ruwa ya tashi. Amma babba ba ya tari a banza, sai an sami mai kawo masa magani. Kafin mako ya zagayo an kafa kwamitin walimar ban kwana, Malam Haruna ne ciyaman, Mista Bulus akanta shi ne ma'aji. Kwamiti, in ba ku sani ba, shi ne mutum shida su zauna su sha shayi a kan aikin da mutum ɗaya zai yi a tsaye. Ni ce mai kai shayin, shi ya sa ba abin da ya wuce kunnena.

Suka yanke cewa ba saniya, ba rago. Gwanki za a ci, irin wanda kakan Darakta yake kawowa. Saye kuwa ba zai yiwu ba, don tsada, kuma ma ina za a samu. Farauta za a je. A lokacin daji bai cika da miyagu kamar yanzu ba, mutum yana iya shiga ya fito da wandonsa.

Mista Bulus ya ce ya san wani maharbi, Baba Tagwai, wanda yake gadin wani shago a unguwar PZ. Mutumin wani gari ne a gindin dutse, can kudu da Zariya. Ba zan faɗi sunan garin ba, don har gobe in aka ambaci Samaru a can sai an yi dariya. Aka kira shi ya zo taro, dogon tsoho mai 'yar furfura a haɓa, ya zauna a bakin kujera yana riƙe da hularsa.

Malam Haruna ya gyara tabarau ya ce, "Baba, mu ba mu da lokaci. Nawa ne gwanki?"

Baba Tagwai ya ce, "Yallaɓai, gwanki ba tumatir ba ne. Dajin nan na mutanen garinmu ne tun kaka da kakanni. Baƙo ba ya shiga sai da izinin mai ƙasa, sai kuma da ɗan gari a gabansa. Namiji kuke so ko mace?"

"Da bambanci ne?"

"Namiji, za ku kai wa mai ƙasa rago da buhun gishiri da goro, ku biya ni ladana, ku ciyar da masu kora da karnukansu. In ya faɗi naku ne, daga ƙaho har kofato."

Na ga fuskar Malam Haruna ta yamutse kamar an ɗura masa maɗaci. Ya ce, "Macen fa?"

"Mace ba ta da rago, ba ta da gishiri. Goron gaisuwa kawai. Ni ma ba a biyana a kanta. Tsohuwa ake harbi, wadda ta daina haihuwa, ni zan nuna muku ita. Sai dai ita mace tana da al'adarta, don kuwa..."

"Tsaya, Baba. Al'adar nan ta kuɗi ce?"

"A'a, yallaɓai, ba ko sisi a ciki. Sai dai..."

"To in ba ta kuɗi ba ce, ba ta cikin ajanda. Bulus, rubuta: mace."

Ajanda ita ce jerin maganganun da aka yarda a yi a taro. Abin da ba ya cikinta, ko gobara ce, sai ta jira. Baba Tagwai ya ƙara gwadawa a bakin ƙofa, ya ce, "Yallaɓai, da ka bari na ƙarasa." Malam Haruna ya yi dariya ya ce, "Na san irinku. Daga sai dai ake fara ƙarin kuɗi." Tsohon ya dube shi, ya sa hularsa, ya ce, "Shi ke nan. Tsofaffinmu za su sa muku albarka." Ni kaina da na ji haka daɗi na ji. Na ce kai, mutanen garin nan da kirki suke.

Daga nan aka shiga cinikin biri a sama. Gwanki tana can tana cin ciyawarta, su suna nan suna raba ta bisa lebul. Aka ce rabi na walima, rabi na manya. Cinyar dama ta Darakta, ta hagu ta mataimakinsa. Ƙirji na ciyaman. Hanta kuwa sai da aka yi zama biyu a kanta, don Mista Bulus ya ce likita ya ce jininsa ya yi ƙasa, Malam Haruna ya ce hanta ba a taɓa ba ma'aji ba sai ciyaman. Har an kusa ba hammata iska. Ƙananan ma'aikata aka ba su kayan ciki. Mu 'yan wucin gadi aka rubuta mana romo. Aka buga katin gayyata da hoton gwanki mai ƙaho kamar lauje, aka raba daga Shika har Sabon Gari, kowa ya ji cewa naman daji za a ci.

Ana gobe tafiya Malam Haruna ya kira ni ofis. Ya ce in shirya, da ni za a je, in ƙyafe naman a can kada ya lalace a hanya, don in aka sa matan ƙauye sai an biya su. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Mama Kuku, in walimar nan ta yi kyau, fayil ɗinki ya iso. In kuwa aka ji kunya, kin san a ofis kunya ba ta kwana a sama, ƙasa take gangarowa. Masu neman aikin nan suna da yawa." Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Ina da jikoki uku a Palladan da nake ciyarwa da wannan ludayin. Na fito na je na haɗa kayan tafiya.

Watan Maris ne, ana dab da Ista, rana kamar ta dafa ƙwai. Ranar Asabar da asuba muka ɗauki bas ɗin ofis, ni da Malam Haruna da Mista Bulus da Baba Tagwai da direba. Sauran 'yan kwamiti kowa ya sami uzuri, amma kowa ya aiko da kula, robar nan mai riƙe sanyi, ta zuba rabonsa. Malam Haruna ya sha farar shadda, wai za a ɗauki hoto. Mista Bulus ya sa takalmin zuwa coci mai tsini, ya rungume wata bindiga da ya aro wurin surukinsa, wadda ban ga alamar ta taɓa yin tari ba.

Da hantsi muka isa. Aka kai mu wurin mai ƙasa, tsoho ne tukuf a kan buzu a gindin tsamiya. Aka miƙa goro. Ya juya shi a hannu ya ce, "Mace kuka ce?"

Malam Haruna ya ce, "Mace, Baba."

"Kun san al'adarta?"

"An yi mana bayani."

Mai ƙasa ya dubi Baba Tagwai. Baba Tagwai ya dubi sama. Tsohon ya sake tambaya, aka sake ba shi amsa. Ya ce, "To, kowa ya ji. Allah ya ba da sa'a."

Bai rufe baki ba sai guɗa ta tashi daga bayan danga. Wata ta amsa daga can, wata daga can, har garin ya ɗauka. Tsofaffin mata suka fito, masu sanda da masu doro, suna tafi suna rangaji. Malam Haruna ya ɗaga hannu biyu yana gaishe su kamar mai neman ƙuri'a. Ya ce wa Mista Bulus, "Ka ga mutanen ƙauye, sun san girman baƙo." Suka bi Baba Tagwai da samarin gari da karnuka, suka shige daji.

Ni aka kai ni gidan Magajiya, shugabar matan garin, gajeriya mai ido kamar na shaho. Aka ba ni kunu na sha. Na ce a nuna mini inda zan haɗa wutar ƙyafe nama. Ina dubawa sai na ga kowane gida ana wanke tukunya, ana dakan yaji, ana jiƙa daddawa. Na ce, "Iya, biki ake yi a garin?"

Ta ce, "Bikinku mana. Rabonmu da wanda ya nemi mace har mun manta. Allah dai ya yi wa yaran nan albarka."

Na ajiye ƙwaryar kunu. Na ce ta yi mini bayani kamar yadda ake yi wa yaro.

Ta ce, "Ƙanwata, ba a gaya muku ba? A ƙasar nan namijin dawa na maza ne, mai so ya biya ya ɗauka. Macen dawa kuwa 'yar'uwarmu ce. Ita ke haifar abin da ake farauta. Shi ya sa kakanni suka ce duk wanda ya kashe ta, naman ba nasa ba ne, na tsofaffin matan da suka daina haihuwa ne, kamar yadda ita ma ta daina. Shi mai kisan zai ɗauki naman a kansa, gida gida, ya durƙusa ya ba da haƙuri. Wutsiya ce tasa. Da ba don haka ba, kina tsammani da sauran gwanki ko ɗaya a bayan dutsen nan?"

'Ya'yana, nan na gane abin da tsofaffin nan suke yi wa guɗa. Na tuna kati mai hoton ƙaho. Na tuna kunya da ba ta kwana a sama. Na ce a aika a tsayar da su. Magajiya ta ce wa za a aika, duk masu ƙafa suna daji, waya kuwa a garin nan sai an hau dutse take kamawa. Na zauna ina addu'a Allah ya sa su yi kuskure. Ban taɓa roƙon Allah ya hana ni nama ba sai ran nan.

Da la'asar muka ji waƙar samari. Ga su nan tafe da ita a rataye a jikin itace, ƙatuwa kamar saniya. Direba ya gaya mini daga baya cewa Baba Tagwai ne ya harbe ta, harbi ɗaya. Da ƙarar ta tashi Mista Bulus ya yar da tasa bindigar ya kwanta rub da ciki. Malam Haruna kuwa, da ya tabbata ta daina shure-shure sosai, sai ya matsa ya sa wuƙa ya yanka da bisimilla don kowa ya iya ci. Wannan kam ya kyauta, ba zan ci haƙƙinsa ba.

Aka sauke ta a gaban mai ƙasa. Ya ce, "Wa ya kashe?"

Mista Bulus ya dafa ƙirji, takalmi ɗaya ya ɓare baki, ya ce, "Ni ne, Baba. Bindigata ce."

Malam Haruna ya ce, "Kai Bulus, ji tsoron Allah! Da ranta na same ta. Wuƙata ce ta kashe ta. Ga jini a rigata."

"Oga, jinin yanka daban, harbi daban."

"Ni ne ciyaman!"

Mai ƙasa ya bar su suka yi ta yi har suka gaji. Ya tambayi Baba Tagwai, shi kuwa ya ce, "Ni ɗan rakiya ne. Farautar baƙi ce." Sannan mai ƙasa ya ce a kawo ƙorai, ya faɗi al'ada tiryan-tiryan, yadda Magajiya ta faɗa mini.

Mista Bulus ne ya fara magana. Ya ce, "Baba, gaskiya in za a bi ta, bindigata ko harsashi babu. Oga ne ya yanka."

Malam Haruna ya ce, "Ni? Gawa na tarar! Kai ka ce kai ka harbe, kowa ya ji!"

Mai ƙasa ya ce, "Kowa ya ji ku duka biyu. Kai ka ɗauki unguwar gabas, kai ka ɗauki ta yamma."

Malam Haruna ya ja Baba Tagwai gefe. "Me ya sa ba ka faɗa mana ba?" Tsohon ya ce, "Yallaɓai, ba ta cikin ajanda." Malam Haruna ya koma wurin mai ƙasa ya ce zai biya rago da gishiri yanzu, a ɗauka namiji suka kashe. Mai ƙasa ya ce rago ba ya mai da mace namiji. Sai ciyaman ya juya wurin Magajiya ya ce to su sayar masa. Ta ce, "Ɗan nan, naman haƙuri ba ya shiga kasuwa." Ya waiwaya wajen bas, ya ga samari sun zazzauna a jikinta da sandunansu, suna ta sosa kunnuwan karnuka.

Haka aka feɗe ta, aka kasa. Aka ɗora wa kowannensu ƙwarya a ka. Dokar ita ce, a kowace ƙofa mutum ya durƙusa ya ce, "Iya, na kashe 'yar'uwarki, ga haƙurinki." Ita kuwa tsohuwar tana da izinin faɗa masa duk abin da ta ga dama, ba shi da bakin ramawa. Ni unguwar gabas na bi, bayan ciyaman. Wata ta ce, "Da wannan tumbin ka bi ta? Lallai ta gaji da duniya ne." Wata makauniya ta shafa hannunsa ta ce, "Wannan bai taɓa ba kowa komai ba, ji yadda hannunsa yake rawa." Wata ta ce bai durƙusa da kyau ba, ya sake. Wata kurma ce, sai da ya faɗa da ƙarfi har unguwar yamma suka ji. Yara suna biye suna waƙa. Farar shadda ta koma kamar tsumman mahauta.

Rana ta kusa faɗuwa aka dawo gindin tsamiya, saura cinya ɗaya, ta dama, wadda kwamiti ya rubuta wa Darakta. Na ga idon Malam Haruna ya ɗan yi haske. Sai Magajiya ta ce, "Saura baƙuwa. Duk macen da ta daina haihuwa, in rana ta faɗi tana kan ƙasar nan, tana da rabo, kuma rabon baƙuwa cinya ne." Ta kama hannuna ta zaunar da ni a kan turmi.

Malam Haruna ya ce, "Wannan ai kukunmu ce. Kashuwal ce."

Magajiya ta ce, "Ban san wannan ƙabilar ba. Tsohuwa na gani. Durƙusa."

Ya durƙusa. Mutumin da na yi shekaru ina tsayawa a ƙofar ofishinsa ba ya ɗaga kai ya dube ni, ga shi a ƙasa, ƙwarya a ka, yana cewa, "Iya, na kashe 'yar'uwarki, ga haƙurinki." Mata suna jiran abin da zan ce. Bakina cike yake, amma jikokina suna tsaye a idona. Zagi zai ƙare a nan, ofis kuwa yana nan ranar Litinin. Na karɓi cinyar da hannu biyu na ce, "Na haƙura, Malam. Allah ya yi maka yadda kake yi wa na ƙasa da kai."

Matan gari suka ce amin gaba ɗaya, har da guɗa. Shi kaɗai ne bai ce amin ba.

Muka kama hanyar gida a cikin bas. Kuloli suna ta karo da juna, ba komai a cikinsu. Wutsiya tana kan cinyar Mista Bulus, suna kallonta shi da ciyaman, ba wanda ya ce tasa ce. Mun kusa Zariya Malam Haruna ya yi gyaran murya ya ce, "Mama Kuku, cinyar nan a bakin aiki kika same ta, a motar ofis kuma take. Kayan ofis ce."

Baba Tagwai ne ya ce daga kujerar baya, "Yallaɓai, namijin da ya fita farautar ba ya cin naman haƙuri, ba ya ba wani. In aka ƙwace wa tsohuwa rabonta, matan garinmu sukan bi sawu har gidan mutum, su zauna a ƙofarsa su rera abin da ya faru daga fari. Sun san hanyar Samaru, suna kawo doya." Malam Haruna bai ƙara tayar da zancen ba.

Ranar Lahadi ina fitowa daga coci na tarar da shi da Mista Bulus a ƙofar gidana. Muka tafi kasuwar Sabon Gari wurin mahauta. Suka zaɓi naman wani tsohon bijimi mai tauri kamar igiya, daga aljihunsu suka biya, don kuɗin kwamiti an riga an rubuta cewa an yi tsimi. Abin da suka kashe ran nan ya fi rago da gishiri da ladan Baba Tagwai a haɗe. Mahaucin yana ta murna yana cewa, "Oga, ka dawo gobe." Malam Haruna ya ce in ƙyafe shi ya sha hayaƙi sosai. Na ce, "Ranka ya daɗe, zan dafa abin da aka ba ni. Amma in aka tambaye ni, ni ba na ƙarya." Ya ce, "Wa yake tambayar kuku?"

Na ƙyafe shi da itacen ƙirya, na ba shi citta da masoro da kanumfari da daddawa, na dafa shi har ya sallama. Ranar Litinin da yamma fili ya cika. Darakta ya sa loma ɗaya, ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Da ya buɗe har da ƙwalla. Ya ce wannan shi ne ɗanɗanon gidan kakansa, naman shanu ba ya taɓa yin haka. Manya suka gyaɗa kai. Wani mai lebul mai tsawo ya ce shi yana jin ƙanshin ganyen daji a ciki. Wani ya ce gwiwarsa da take ciwo ta saki. Aka miƙa wa Darakta wutsiya a cikin takarda mai ƙyalli, aka tafa.

Sai Darakta ya ce a kira masa wadda ta yi girkin. Na fito ina goge hannu. Ya ce, "Mama Kuku, an ce har da ke aka je. Yaya kika ga wurin?"

Na dubi Malam Haruna. Cokali yana hannunsa, ya tsaya tsakanin faranti da baki. Gumi yana bin wuyansa. Mista Bulus ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen kirki ne. Malam Haruna kuwa, ba gidan tsohuwar da bai shiga ya durƙusa ya gaishe ta ba."

Darakta ya miƙe tsaye. Ya ce a duba, wannan shi ne shugabanci, babban jami'i ya ƙasƙantar da kansa a gaban talakawa. Aka yi ta tafi. Malam Haruna ya tashi ya ɗan rusuna, fuskarsa kamar wanda ya haɗiyi ƙashi.

Makon bai ƙare ba masinja ya zo kicin ya ce ana nemana a ofis. Fayil ɗin da ya yi shekaru yana tafiya, ga shi a kan tebur ya iso, ko ƙura babu a jikinsa. Malam Haruna ya tura mini takarda da tawada, bai dube ni ba. Na dangwala yatsa. Ya ce, "Mama Kuku, abin da ya faru a daji..." Na ce, "Ba ya cikin ajanda, ranka ya daɗe."

Cinyar kuwa, a Palladan aka ci ta, ni da jikokina da matan layinmu. In gaya muku gaskiya, tsohuwa ce, ta fi bijimin tauri.

Darakta ya koma garinsu, ya rataye wutsiyar a falonsa, har ya bar duniya yana ba baƙi labarin gwankin da ya ci a Samaru. Mista Bulus ya mayar wa surukinsa bindiga, daga ranar kuma ko kilishi aka miƙa masa sai ya tambaya na mace ne ko na namiji. Baba Tagwai ya bar gadi ya koma gida, na ji an ce shi ne mai ƙasa yanzu. Magajiya ta rasu, amma kafin nan duk kaka sai ta aiko mini da doya, tana tambaya ko yaran nan ba sa son wata macen. Malam Haruna ya sami ƙarin girma saboda tsimi da tawali'u, haka aka rubuta. Ya yi ritaya yana zaune a Samaru. In muka haɗu a kasuwa shi yake fara gaishe ni, ya wuce da sauri. Ni kuma ga ni, na ajiye ludayi, fanshona yana shigowa, wani watan ya zo da wuri, wani watan ya makara.

To ku da kuka shigo aikin nan jiya, ku riƙe biyu. In ɗan gari ya ce muku sai dai, ku bar shi ya ƙarasa, don abin da aka ce kyauta ne, da gwiwa ake biyansa. Na biyun kuma, ni kaina ba na jin daɗin faɗarsa. Na yi girki har gashina ya yi fari ba a ga aikina ba. Rana ɗaya na ga abin da bai kamata in gani ba, na kama bakina, aka ba ni takarda. Ku iya girki, 'ya'yana, don Allah yana gani. Amma ofis ba cikin tukunya yake dubawa ba.

Ku mayar da itacen, miyar ta huce.